Yadda ake karanta zanen saƙa na masaƙa mai andira huɗu

Tambaya daga Katsina:
Assalamu alaikum. Na koyi saƙa a wurin mahaifina da masaƙarmu ta gargajiya mai andira biyu (andira ita ce abin da ke ɗaga zaren tsaye domin na kwance ya wuce), yanzu kuma na samu ta Turai mai andira 4, tare da takarda mai ƙananan gidaje baƙaƙe da farare da na kasa fahimta. Ina roƙon manyanmu su yi mini bayani.

Amsa ta farko, daga Daura:
Wa alaikumus salam, ɗana. Takardar kashi huɗu ce. Jerin sama yana nuna andirar da kowane zaren tsaye zai bi, kusurwa tana nuna andirorin da aka ɗaure wa kowane mataki (sandar da ake takawa da ƙafa), jerin gefe yana faɗin matakin da za ka taka bi da bi, babban filin tsakiya kuma hoton ƙyallen ne, inda baƙin gida yawanci yake nufin zaren tsaye ya hau kan na kwance. Idan ka shigar da zare a andira ta 1, 2, 3, 4 bi da bi, sannan ka ɗaga 1 da 2, sai 2 da 3, sai 3 da 4, sai 4 da 1, layi mai karkata zai fito, irin na yadin wandon jins. A ganina da wannan ya kamata ka fara.

Amsa ta biyu:
Baba ya yi bayani mai gamsarwa. Sai dai ka bincika ko masaƙarka ɗaga andira take yi ko saukarwa, domin idan ta saɓa wa takardar, adon zai fito a bayan ƙyallen.

Mai tambaya:
Na gode, Baba, Allah ya ƙara girma. Ɗagawa take yi.