Baƙin Charizard ya ƙi fito min a Pokémon Violet

dan_fagge: Salam 'yan uwa dan Allah a taimaka, a game ɗin Pokémon Violet sati uku kenan ina fasa ƙwan wani Pokémon mai suna Charmander ina neman shiny (mai kala daban da ba kasafai ake samu ba) wanda in ya girma yake zama baƙin Charizard, shiru kakeji har yanzu, wlh abun ya fara damuna

Ummi_zndr: Wslm. Wane Ditto (Pokémon ɗin da ake haɗawa dashi a samu ƙwai) kake haɗashi dashi a fikinik? In yaren game ɗin da suka fito ɗaya ne to 1 cikin 4096 kake nema fa malam, nemo na wani yaren kamar na Japan ta musaya, shine dabarar Masuda, sai ya dawo kusan 1 cikin 683

babanAmir: gaskiyarta. Kuma ka daure ka cike Pokédex (kundin Pokémon) ɗin yankin Paldea guda 400 kaje wajen malam Jacq a makarantar cikin game ɗin ya baka Shiny Charm mai ƙara damar samun shiny, in ka haɗa da Masuda ya koma 1 cikin 512. Ni nawa sai da na fasa ƙwai sama da 900

dan_fagge: Ashe Ditto ɗin ne, ni na kamashi da kaina. Nagode yaya, wa keda na Japan mu canza yau da dare?