Mota tana zafi a rairayi kaɗai, a kan kwalta lafiya lau

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina Riyad ta Saudiyya, muna shirin kwana a hamadar Rub'ul Khali cikin Janairu, ta wajen Wadi Dawasir za mu shiga, amma motata ta hana ni sukuni.

Mai ja da ƙafa huɗu ce, ta fetur, giyarta otomatik. A kan kwalta, ko da esi a kunne, allurar zafi ba ta motsi daga tsakiya. Amma da na gwada ta a rairayin Thumama, na rage iskar taya zuwa 15, na sa ƙaramar giya na fara hawan tudu, sai allurar ta doshi ja. In na tsaya na juya gaban motar wajen iska, allurar tana sauka a hankali.

An wanke lagireto, an sa sabon murfi da sabon tamostat (abin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto in inji ya yi zafi), an ɗaure fambel. Ruwa ba ya raguwa, babu kumfa, man injin bai yi fari ba, don haka ban yarda gaskit ba ne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne fanka: injin na da zafi na kashe shi, na juya ta da yatsa ɗaya, ta yi ta juyawa sakwa-sakwa. Bakanike ya ce ba komai, ni kuwa ban gamsu ba, ga jarkokin ruwa da tanti da za su ƙara nauyi, can ciki kuma babu sabis.

Masu shiga hamada, wannan alama ce kulocin fanka (abin da ke kama fankar ta juya da ƙarfi in inji ya yi zafi) ya mutu, in sauya shi kafin tafiya?