Ina ake samun ofishin haɗaka mai sauƙin kuɗi a Abuja?

Ɗan Zazzau:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema. Mu huɗu ne muka buɗe ɗan kamfani, manhajar lissafin kaya muke haɗawa masu kemis, mun yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC tun bara amma har yau a falon yayana a Kubwa muke aiki, tebur ɗaya ne, wayoyin caji ko ta ina. Satin da ya wuce wani mai kemis uku ya ce zai zo ofis ya gani da idonsa, dole na ce mu haɗu a gidan abinci a Wuse 2, ga hayaniya ga kwamfuta na kukan caji, wallahi abin ya tsaya min a rai. Mun duba ɗaki a wata plaza a Utako, dillali ya ce kuɗin shekara cif, ga kashi 10 nasa, ga na lauya, ga kuɗin kula da gini, kuma ɗakin wayam ko kujera babu. Ina ake samun irin wurin nan da ake biyan kujera wata-wata?

Maman Hanif:
Wa alaikumussalam ƙanina. Wuraren suna nan da yawa a Wuse 2 da Jabi da Garki, amma kar a ruɗe ka da fenti da kujeru masu kyau, maganar wuta za ka fara yi. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, sannan aka kai wutar Band A, wato rukunin masu samun wuta mafi yawa a rana, naira 225 duk yunit a Afrilun 2024, kowane mai wuri yana neman inda zai rage kashe kuɗi ne. Ni na taɓa biyan wata uku a wani wuri, ba sai na kama suna ba, ashe ƙarfe 5 suke kashe janareto, in NEPA ta ɗauke da rana kuma inbatarsu fitila da soket kawai take ja, na'urar sanyaya ɗaki a kashe, a watan Maris fa, gumi har kan takardu. Ka je ranar aiki wajen ƙarfe 2 na rana, ka biya kuɗin yini ɗaya, ka zauna ka yi kiran bidiyo da intanet ɗinsu lokacin da wurin ya cika, a nan za ka ga gaskiyarsu.

Injiniya_B:
Malam ba kujera huɗu kuke buƙata ba. Masu rubuta manhaja su ci gaba daga gida, ku ɗauki kujera biyu kuna karɓa-karɓa, abin da ya fi muku amfani ɗakin taro ne da za ku kai baƙo, to ka tambaya awa nawa suke bayarwa a wata kafin su fara cajin awa-awa. Ka leƙa ofishin haɗaka na Ventures Park a Maitama ko don ka ga tsarin ka samu ma'auni. Sannan ka tambaya ko sun yarda a sa adireshinsu a takardun kamfani, in sun yarda sai ku sanar da CAC canjin adireshi. Ku nemi takardar shaida ma ta zama sabon kamfanin fasaha, ƙarƙashin dokar sababbin kamfanonin fasaha da Buhari ya sa wa hannu a 2022, ta hannun hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA ake yi.

Sarkin Yaƙi:
Ni dai Maitama ban ba ku shawara ba, daga Kubwa kullum kuɗin mota zai cinye rangwamen, ga cunkoson safe, ga abincin rana a can ba na talaka ba ne. Ku duba Gwarinpa, tana kan hanyarku. Mu da wani kamfanin masu zane muka raba ofis ɗaya, shekara biyu kenan lafiya lau, amma fa mun rubuta komai, wa ke sayen yunit, wa ke riƙe makulli, notis ɗin wata nawa in mutum zai tashi.

Ɗan Zazzau:
Allah ya saka da alheri. Anti Maman Hanif, ranar Talata in sha Allah zan biya na yini a Jabi in gwada. Sarkin Yaƙi, dan Allah ko za ka turo min yadda kuka tsara yarjejeniyar taku?