Ranar kitso a Damagaram: wa ke riƙe tukunya, kuma da wane ruwa?

Malamar makaranta, Sabon Gari

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Aure ne ya kawo ni Zinder daga wani ƙauye na yankin Matamai, kuma da yake ina koyarwa, Asabar da Lahadi kaɗai nake da su don wanki da girki mai kyau da gyaran kai. A gidanmu na ƙauye ranar kitso ba ta taɓa zama abin tunani ba, domin gwaggona kan yi mini, ni kuma in yi wa 'yarta, tukunya tana kan murhu duk wadda ta wuce ta iza wuta. A nan gidan haya muke, ni kaɗai ce mace a sashenmu, kuma daga tsefe zuwa wanke kai zuwa jiran layi wajen makitsiya yini guda ke tafiya, in dawo in tarar da maigida bai ci na rana ba. Ga shi tun shigowar bazara famfonmu ba ya kawo ruwa sai tsakar dare, abin da na tara kuma bai isa girki da wanke-wanke da wankin kai gaba ɗaya ba. Ina roƙon waɗanda suka daɗe a garin nan su faɗa mini yadda suke yi.

Uwargida, unguwar Birni

Wa alaikumus salam 'yata, barka da zuwa. Ki fara sanin cewa ƙarancin ruwa ba da ke ya fara ba. Garin nan a kan duwatsu yake zaune, rijiya ba ta ba da ruwa yadda take bayarwa a fadamun Matamai, kuma rashin ruwa yana cikin dalilan da ake ambata na ɗauke babban birnin ƙasa daga nan zuwa Yamai a 1926. Ruwan da muke sha ma daga wajen gari ake turo shi, daga wurare irin su Gogo da Arunguza, mutane kuwa kullum ƙaruwa suke yi. Saboda haka mu da aka haifa a bayan fadar Sarkin Damagaram mun tashi da rabon ruwa kafin mu iya rabon tuwo.

Abin da nake yi shi ne, daren da ruwa ya zo nakan cika randar sha da ta girki tukuna, sannan in ware bido guda, wato jarka, in ce wannan na kai ne, ba mai taɓa shi ko da yara sun yi kuka. Tsefe kuma ba na barinsa sai ranar kitso. Da daren jajibiri nake tsefewa bayan isha, in jiƙa yoɗo, wato karkashi, in wanke kai da shi, domin yana warware gashi ba tare da kumfar da za ta ci rabin bido wajen ɗauraya ba. Ruwan da ya sauka daga kaina a bahon wanki nake tare shi, da shi ake yayyafa tsakar gida kafin shara. A daren nan kuma nakan tuƙa tuwon hatsi da yawa, da safe a yi ɗumame, na rana kuma in dama fura in rufe, ko in turara dambun zogale tun asuba, tunda dambu tururi yake so, ruwan da ke ƙasan madambaci kaɗan ne. Duk namijin da ya samu dambu da ƙuli da soyayyen mai da albasa, ga fura da nono a gefe, ba shi da bakin cewa an bar shi da yunwa.

Makitsiya, Zongo

Hajiya ta faɗi gaskiya a kan tsefe, kuma ina fata kowa ta ji. Mafi yawan jiran da ake kuka da shi a wurinmu, masu zuwa da tsohon kitso a kai ne ke jawo shi, domin sai na ajiye kibiya na taya su tsefewa, ko su zauna suna yi a hankali suna hira alhali layinsu ya zo. Malama, ki tuna cewa mu ma muna da tukunya. Ni da hantsi nake fara aiki bayan na ɗora sanwa, kuma wadda ta zo a lokacin da kanta a taje, a bushe, ta nemi shuku ko zane mai matsakaicin girma, za ta koma gida kafin azahar. Wadda ta zo bayan la'asar tana son ƙananan kalaba da ƙarin gashin kanti, ita ce za ta kai mu dare, in kuma an ɗauke wuta sai a ƙarasa da fitilar waya a hannun yarinya. A satin Sallah ba a ma maganar wannan, domin har asuba muke yi, mata suna gyangyaɗi a kan cinyata suna tunanin cincin da alkakin da ba su gama ba.

Akwai abin da baƙin gari ba su sani ba. Ba duka kitson da nake yi ake biyana da kuɗi ba. Ina da maƙwabta da tsakaninmu kwano ne: ranar da zan yi wa ɗaya kitso, ita ko kishiyarta ko babbar 'yarta ce ke ƙara hannu a girkinsu, a aiko wa 'ya'yana nasu. Wata kuma takan tarar mini ruwa idan famfonsu ya riga namu kawowa, ni in yi wa 'yan matanta kitson makaranta. Taimakon da kika baro a Matamai yana nan a cikin birni, sai dai a nan ba a gadonsa, sai kin fita kin gaida mutane, kin je suna da gaisuwar mutuwa, an san fuskarki. Matan ma'aikata da yawa suna rufe ƙofa daga aiki sai ɗaki, sannan su yi mamakin yadda komai sai da kuɗi.

Ɗaliba, Jami'ar André Salifou

Yaya Malama, mu namu mai sauƙi ne domin ba mu da maigidan da zai jira. Mu huɗu muke haya ɗaki guda, muna da tukunyar gas mai kilo 6, kuma ranar Lahadi biyu suna kitso, biyu suna dafa shinkafa da wake ko taliya da mai da yaji, mako mai zuwa a juya. Na koyi wanke kai da buta biyu, ɗaya ta sabulu ɗaya ta ɗauraya, in dai wata ce ke zuba mini a hankali ba ni da kaina ba. Yawancin ruwan da ke ɓacewa wajen wankin kai, wanda mutum ke kwarawa idonsa a rufe ne.

Magidanci, Garin Malam

Ku gafarce ni da shiga zancen mata, amma ina ganin rabin matsalar a hannunmu take. Ranar Alhamis, da yake ita ce babbar ranar kasuwar Dole, nakan yi cefanen mako gaba ɗaya, in haɗa da busasshiyar kuɓewa da kuka da daddawar batso da tattasai, in kai hatsi inji a dawo da gari. Idan uwargida ta ce gobe kitso, ni nake tsayar da mai ga-ruwa tun da safe in biya bido na ƙari, da rana kuma in sayo masa ko awara a maƙwabta mu ci da yara. Mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta, da tana raye da ta ce wannan sakaci ne, domin a zamaninsu abin kunya ne a ga kwanon saye ya shiga gidan mai mata. Amma a zamaninsu mata biyar ne a tsakar gida ɗaya. Kuma tun da matatar man fetur ta SORAZ ta fara aiki a 2011 gas ya yawaita a gari, dafa ruwan shayi da soya ƙwai bai fi ƙarfin kowane namiji ba. Malama, ki sa maigidanki ya karanta wannan.

Ma'aikaciyar jinya, Karkada

Ina girmama Hajiya, amma akwai wuri guda da zan saɓa mata. A watannin Afrilu da Mayu zafin garin nan yakan haura digiri 40, dare ma ba ya sanyi, firji kuma ba abin dogaro ba ne idan wuta tana zuwa tana tafiya. Tuwo yana iya kwana, amma miyar da aka sa wa nama ko kifi, aka ci da ita da dare aka bar saura a rufe, ba koyaushe take kai rana lafiya ba, kuma yara ne ke fara nuna alama da gudawa. Ni shawarata a kwana da tuwo kaɗai, miya kuma a kaɗa sabuwa da safe, tunda kuka ko busasshiyar kuɓewa ba ta ɗaukar lokaci idan ruwan daddawa ya tafasa. In dole sai an ajiye miya, a tafasa ta sosai kafin a kwanta, kada a sake sa cokali a ciki, a kuma sake tafasawa da asuba.

A kan kai kuma, saurin da muke yi don mu koma ga tukunya shi ke sa a kitse gashi da danshi a ɗaura kallabi a kai, daga nan sai wari da ƙaiƙayi da amosani. Gara a wanke da dare kamar yadda Hajiya ta ce, a bar shi ya sha iska, a shafa man shanu ko man kaɗanya kaɗan. Ina kuma roƙon kowace uwa ta tafi da kibiya da matajin gidanta, musamman idan yara za a yi wa, domin makero ta wannan hanya yake bin kawunansu. Sannan kitson da aka ja da ƙarfi don ya daɗe, a huta da zuwa layi, shi ne ke cinye gashin goshi, kuma idan aka daɗe ana yi ba lallai ne ya sake tsirowa ba.

Uwargida, unguwar Birni

'Yata ma'aikaciya, ban ce a kwana da miyar nama a bazara ba, tuwo na ce, kuma ko shi a cikin ruwa mai tsabta nake sa malmalar ta kwana a wuri mai iska. Amma na karɓi gyaranki, domin 'yan yanzu suna jin rabin magana su tafi da ita. Malama, ga abin da na manta: idan da icce ko gawayi kike girki, ki gama duk aikin hayaƙi kafin ki wanke kai, in ba haka ba sabon kitso zai kwana yana warin murhu. Kuma ki tambayi makitsiyar unguwarku ranar da ta fi samun sauƙin mutane. Tamu ta nan Birni Talata ce da Laraba, domin daga Alhamis zuwa Lahadi masu biki sun kama layi, ke kuma da kike tashi daga makaranta da yamma kina iya roƙonta ta ajiye miki bayan la'asar ɗin Laraba, ki yi zane manya da za su kai ki mako biyu.