Shawarwari ga ɗalibanmu da ke Amurka

A majalisar bayan la'asar a wani ƙauye kusa da Ringim, hira ta koma kan yaranmu da ke karatu a Amurka, waɗanda tsoron jami'an shige da fice na ICE ya hana barci tun da aka soke bizar ɗalibai da yawa a 2025. An fi nanata cewa yaro ya adana kwafin fasfo da takardar I-20 (wadda jami'a ke ba ɗalibin ƙasar waje don shaidar karatunsa), ya riƙa leƙa ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'arsa. Wani malami ya ce in jami'an ICE sun buga wa yaro ƙofa, doka ta ba shi damar yin shiru, kuma ba dole ya buɗe ba sai da takardar izinin alƙali. Kada ya sa hannu a abin da bai gane ba. Mu iyaye kuwa, a ganina, mu daina tura musu jita-jitar WhatsApp, mu kira mu gaisa.