Ɓeran Masar ya karkatar da kai yana tangaɗi: kunne ne ko ƙwaƙwalwa?

Uwar Garke:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɓeran Masar ne namiji, shekara 2, nauyinsa gram 950. Kwana biyu ke nan kansa a karkace ta dama, kamar mai sauraron wani abu a ƙasa. In ya tashi tafiya sai ya riƙa zagaye wuri guda, wani sa'in ya kife ta gefen da kan ya karkata. Yana ɗan tsakurar ganye, busasshiyar ciyawa kuwa ko kallonta ba ya yi. Makon jiya ya yi ta atishawa. Kunne ne ko ƙwaƙwalwa? Akwai abin da za a ba shi a gida kafin a ga likita?

Likitan Dabbobi:
Wa alaikumus salam Hajiya. Atishawar nan ita ce bakin zaren. Galibin karkatar kai a ɓeran Masar daga kunne take. Ƙwayoyin cuta irin su Streptococcus da Bordetella kan fara daga hanci da maƙogwaro, su bi siririyar hanyar da ta haɗa maƙogwaro da tsakiyar kunne, mugunya ta taru a ƙoƙon ƙashin da ke bayan dodon kunne. Idan ta zarce can ciki, inda sashen da ke daidaita tsayuwar jiki yake, sai jiri ya kama dabba. Kan yakan faɗa ta ɓangaren kunnen da ya kamu. Kuma leƙa kunne da tocila ba ya nuna komai sau da yawa, waje fes, ciki cike. Hoton ƙashin kai ne ke nunawa, na CT, wato na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki yanki-yanki, ya fi fito da shi.

Ki duba abu biyu yanzu. Ƙwayar idonsa tana rawa, tana tafiya gefe tana dawowa da sauri? Sannan ki taɓa kusurwar idon dama a hankali da ɗan yatsa mai tsabta. In bai ƙifta ba, jijiyar da ke motsa fuska ta taɓu, don ta gefen tsakiyar kunne take wucewa. Idon da ba ya rufuwa bushewa yake ya yi gyambo, sai an riƙa sa masa man ido sau 3 zuwa 4 a rana.

Maganin gida kuwa, don Allah kada ki gwada. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su penicillin, amoxicillin, ampicillin, clindamycin da erythromycin suna kashe ƙwayoyin da ke taya shi narka abinci a hanji, ƙwayar cutar Clostridium ta samu fili ta zuba guba, cikin 'yan kwanaki a rasa dabbar. Waɗanda aka saba ba su su ne enrofloxacin, ko trimethoprim da sulfa, ko chloramphenicol, tare da meloxicam don ciwo, kuma likita ne zai auna gwargwadon nauyi. Maganin ɗigawa a kunne ma a bar shi har a tabbatar dodon kunne bai fashe ba. Mai gentamicin ko neomycin in ya shiga ciki ƙara lalata ji da daidaito yake. A kai shi yau, ba gobe ba.

Mai Keji:
Dakta ya gama da kunne, ni cikin ne ke damuna. Ba karkatar kai ke saurin kashe su ba, yunwa ce. Hanjin ɓeran Masar ba ya son zama wayam. Awa 12 ba ci ba kashi, lamari ya yi tsanani. Ki jiƙa dunƙulallen abincinsa da ruwan ɗumi ya zama kamar kunu mai kauri, ki ɗauki sirinji na mil (mililita) 1 marar allura, ki yanke bakinsa don kada ya toshe. Ki naɗe shi a tawul yana tsaye kan ƙafafunsa, ba a rigingine ba, ki zura sirinjin ta gefe bayan haƙoran gaba, inda akwai gurbi. Rabin mil, ki jira ya tauna ya haɗiye, sannan ki ƙara. Mil 10 zuwa 15 kowane zama, duk bayan awa 3 ko 4. In ya daina taunawa ki tsaya, kada ya shaƙe. Bitamin C kuma kai tsaye a baki, kamar miligram 30 zuwa 50 a kowane kilo ga marar lafiya. Na cikin ruwan sha lalacewa yake, ga shi yana sa su ƙi ruwan.

Ki auna shi kullum da safe a ma'aunin kicin. Ya sauka da gram 50, likita ya ji. A cire benen keji da duk abin hawa, a jera naɗaɗɗun tawul a jikin bango ya samu majingina, a sauko da kwalbar ruwa daidai bakinsa.

Tsohon Makiyayi:
Malamai, kada dai a rufe ido a ce kunne ne kawai. Wanda ido ɗaya ya mutu yakan juya kai don ya duba da mai kyau, amma shi ba ya tangaɗi. Faɗuwa daga hannu ko tebur, da bugun zafi in ɗaki ya haura digiri 27, duk suna kawo kifewa. Ƙwayar cutar E. cuniculi da ake yawan ambata kan karkatar kai ta fi damun zomaye, da wuya ta kawo haka a ɓeran Masar. Sai dai in suna keji ɗaya da zomo a raba su, zomo kan ɗauki Bordetella lafiyarsa ƙalau ya shafa musu.

Uwar Garke:
Na gode ƙwarai. Idon yana rawa, amma yana ƙiftawa. Dakta, kan zai miƙe kuwa?

Likitan Dabbobi:
Rawar ido da faɗuwa su ke fara lafawa, sau da yawa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Kan kuwa wani ya miƙe, wani ya zauna a ɗan karkace har ƙarshen rayuwa, kuma yana ci yana gudu abinsa. Inda ake kuskure shi ne tsayar da magani da zarar an ga sauƙi. Ciwon cikin ƙashi ne, yakan ɗauki mako 4 zuwa 6, wani ma ya fi. Bayan nan a riƙa duba haƙoran gaba duk wata. Mai ciwon kunne yakan tauna ta gefe guda, haƙoransu kuma ba sa daina tsiro, to in kika ga bakinsu ya ci a jirkice, a duba turamen ciki.