Plains ta su Jimmy Carter: gari ne ko ƙauye?

Ɗan Atlanta: Jama'a ku bar ni in huce. Ranar Asabar na ɗebi iyali, tuƙin kusan awa uku zuwa Plains a jihar Jojiya, wai in nuna wa yara mahaifar Jimmy Carter, tsohon shugaban ƙasar Amurka. Shaguna layi ɗaya tal, sai tsohuwar tashar jirgi ta katako, sai gunkin gyaɗa yana washe haƙora a bakin titi. Mutanen wurin ko dubu ba su kai ba. Ni dai abin da na gano, dogo ne ya haifi ƙauyen nan. Da can suna zaune a gefe, sunan wurin Plains of Dura. Da aka shimfiɗa layi a 1885 sai suka kwashe komatsansu suka dawo bakinsa, suka datse sunan. Da harkar jirgi ta ja baya, wuri ya yi sanyi.

Hajiya Uwani: Ƙauye? Ɗana, ka iya bakinka. Mutumin da ya tsaya aka raba mu da kurkunu kake ce wa ɗan ƙauye? Da idona na ga ana naɗe wa yayata zaren kurkunu a tsinke, wata guda ba ta taka ƙasa ba.

Ɗan Atlanta: Hajiya, ban ce masa ɗan ƙauye ba. Wurin na ce.

Hajiya Uwani: To wanda aka haifa a ƙauye me sunansa?

Baba Mai Ritaya: Shekarata 31 a reluwe. Duk inda jirgi ke tsayawa, da tasha da sikelin awon kaya, gari ne, ko da gida goma ne a ciki. Kafanchan wa ya san ta kafin layi ya haɗu a can?

Malam Sule: Baba ya yi gaskiya. Tun 1896 hukuma ta ba Plains matsayin gari. Tashar da kake rainawa an gina ta a 1888, kuma ita Carter ya mayar ofishin kamfen ɗin neman shugabancin ƙasa a 1976. In ƙauye kake nema, Archery ce, inda ya tashi a gona, gidansu ba lantarki sai 1938.

Ɗan Atlanta: Malam, takarda daban, ido daban. Na je na gani.

Bakano: Ai ka gani da idon Atlanta. Bara waccan kai ma a bayan akori-kura kake zuwa cin kasuwa. Maganar gyaɗa kuwa a bar wa Kano. Jirgi ya iso mana a 1911, muka tara dala har ta shiga hoton duniya.

Na Gusau: Dalar wa? Gyaɗar da aka lodo daga Ƙaura Namoda kuka jera, kuka ɗau suna.

Bakano: Ku noma, mu saya. Haka Allah ya tsara.

Bilkisu: Ba wanda ya tambayi ƙasar wa aka kafa garin a kai. Ta 'yan asalin wurin ce, Muscogee, aka tashe su a shekarun 1830. Kuma a 1976, ana gab da zaɓe, cocin da Carter ke zuwa ya rufe ƙofa don kada wani baƙar fata ya shiga.

Na Gusau: Bakano, maimaita abin da ka ce.

Baba Mai Ritaya: Yara ku yi haƙuri. Ni na ja wagunan gyaɗar nan, buhu ba ya ɗauke da sunan gari.

Ɗan Atlanta: Ni fa maganar dogo na kawo.

Shugaban zaure: To, an rufe. Abin da aka tsayar: Plains gari ce, kamar yadda manya suka tabbatar, kuma Ɗan Atlanta zai ba Hajiya haƙuri kan kalmar da ya yi. An kuma yarda cewa cibiyar gyaɗa Kano ce, tunda ba a kawo hujjar da ta ture hakan ba. Na Gusau, na goge saƙonka na ƙarshe. Batun Bilkisu sai wani jiƙon.

Na Gusau: Shugaba, a wace unguwa aka haife ka?

Shugaban zaure: Fagge. Me ya kawo wannan?